Littafin Awon Rijiya

"Shekara hamsin?" Shugaban kwamitin bincike ya ture takardar gefe. "Farfesa, ke da za ki yi ritaya baɗi, wa zai ga ƙarshen wannan aiki?"

Ta haɗiye baƙar maganar da ta zo mata baki. Buƙatarta ɗaya ce: a ci gaba da auna ruwan rijiyar tashar bincike duk Litinin na tsawon shekara hamsin, a gwada shi da ruwan sama da zafin ƙasa, har a gane yadda suke jan juna.

Ta zaro tsohon littafin awo daga jaka. "Ranka ya daɗe, ni ma ai ban ga farkonsa ba. Duba shafin farko."

Ya buɗe yana yatsina, sai ya ƙura wa shafin ido. Ta san abin da ya gani: lamba bakwai mai ƙugiya, rubutun marigayi mahaifinsa, ma'aikacin tashar da ke komawa gida duk Litinin da jiƙaƙƙen hannun riga.

Ya daɗe yana goge tabarau. Sannan ya jawo takardar, ya soke hamsin, ya rubuta ɗari.