Muƙamuƙin Matata

Da likitan gashin ƙashi ya ɗora yatsunsa a gindin kunnen matata, sai na ƙura wa hannunsa ido.

"Hajiya, buɗe bakin a hankali. Yawwa, haka."

Ta buɗe. Matar da ta yi watanni tana cin abinci da ƙaramin cokali, ko hamma ta yi sai muƙamuƙinta ya yi ƙas ta runtse ido, ga ta tana buɗe wa ƙato baki har da dariya. Ni rabona da wannan dariyar har na manta.

Na ce, "Malam, wai babu likita mace ne a asibitin nan?"

Bai ji haushi ba. "Zo in koya maka tausar, ka riƙa yi mata a gida. Yawan cije haƙora ne ke ɗaure naman wurin. Taɓa ka ji, yanzu ya saki."

Na ture hannunsa na ɗora nawa. Da gaske ya yi laushi.

Sai ta ɗago ido ta ga ni ne a kanta. A ƙarƙashin yatsuna na ji naman yana ɗaurewa a hankali, har ya koma dutse.