Ranar da Baba Ya Zana Kawu Ɗanjuma

Har yau in na ji warin fenti da kananzir, sai wata la'asar a Talata Mafara ta dawo mini. Baba mai zanen jikin motoci ne, haka ma amininsa Kawu Ɗanjuma na Bakura, wanda idanunsa suka fara mutuwa. Ran nan Baba ya zana fuskar Kawu a allon katako, ya miƙa masa.

Kawu ya kai allon dab da hancinsa, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Malam Isa, bar wahal da kanka. Duhu kawai nika gani."

Baba ya ja hannunsa zuwa ƙofar gida, ya ce in ɗauko babban buroshi. Ya hau benci, ya soma zana fuskar a bango, tun daga ƙasa har kusa da indararo. Maƙwabta suna ta cewa zai ɓata bango, ko waiwayowa bai yi ba.

Ya ce, "Wanda ya koya min riƙon buroshi ba ya makancewa bai ga aikina ba."

Dab da magariba Kawu ya ɗaga kai, ya ƙanƙance ido. Can sai ya yi dariya, hawaye na zuba.

"Isa, kunnen ga na hagu ya yi girma. Hau ka gyara."

Baba ya haye bencin da sauri kamar yaro. Na girma, na ga an yabi mutane da yawa, amma ban ga wanda ya yi murna da yabo kamar yadda Baba ya yi murna da gyaran nan ba.