Ranar da Tsintsiya Ta Shiga Aji Huɗu

Takardar kora tana cikin jakarta tun kafin ta fito daga mota. An buga, an sa hannu, kwanan wata kawai ya rage.

Sufetar makarantu ce, shekara goma sha tara tana wannan aiki. Tsintsiya malamai suke kiranta a bayan ido, don duk inda ta shiga sai ta share wani. Tana da wani hali kuma: ba ta barin mutum ya ƙarasa magana. A ganinta duk wanda ya buɗe baki a gabanta ƙarya zai shirga, gara ta hutar da shi.

Yau malamin aji huɗu ta zo wa. Rahoto ya kai ofis cewa ba ya zuwa aiki. Ba ta taɓa ganinsa ba, ba ta kuma ga amfanin hakan ba.

Shugaban makaranta ya biyo ta a guje, hula a karkace, yana ba da haƙuri. Wai matar bawan Allahn ce ta haifi tagwaye, haihuwar ta zo da gardama, tana kwance a asibiti, aikin nan kuma shi ne cinsu, shi ne shansu. Tsintsiya ta ɗaga hannu, bakinsa ya mutu. Ta ce in ta tarar da ajin babu malami, ko 'yan huɗu aka haifa masa, tasa ta ƙare.

Shugaban ya riga ta leƙawa ta taga. Ya hango mutum a ciki, ya yi ajiyar zuciya. Ya sake leƙawa da kyau, sai tari ya sarƙe shi.

Daidai nan aka kaɗa ƙararrawar komawa aji. Tsintsiya ta gyara tsayuwa tana jiran turereniya, sai ta ga yara sun jeru bibbiyu a bakin ƙofa. Wata 'yar ficiciya, monitar ajin, ta tsaya tana gaishe da kowa da sunansa, kowa na amsawa. Ɗaya ya buɗe tagogi, ɗaya ya goge allo, wani mai ƙaton kai ya zuba wa fulawar da ke cikin gwangwani ruwa. Babu wanda aka aika. Monita ta yi tafi uku, ajin ya yi tsit.

Mutumin yana can ƙurya, fensir maƙale a bayan kunne, hannun rigarsa duk farar ƙura. Ko ɗagowa bai yi ba.

Tsintsiya ta zauna a bencin baya, ta buɗe littafinta don rubuta laifi.

A bango akwai kwali, an jera abin da ake yi daga safe har tashi. Monita ta sa yatsa a layi na biyar, yara suka soma tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa na faɗin alherin da wani ya yi masa yau. Mai ƙaton kai ya ce abokiyar zamansa ta dawo masa da fensirinsa, ko da yake a taune. Aka yi dariya, aka yi tafi uku, dariya ta ɗauke. Daga nan suka juya kujeru huɗu-huɗu suka kama karatu.

Can wasu biyu suka kaure a kan rula. Kafin Tsintsiya ta yi murna, su da kansu suka tashi, suka je wani benci a gefe, suka ƙirga goma suna harare-harare, suka yi hannu, suka dawo.

Shi kuwa mutumin yana bin teburi ɗaya-ɗaya. Ya durƙusa kusa da yaro, ya dafa teburin, ya ɗan girgiza shi, ya yi ƙasa da kai, ya wuce gaba. Yaran suna ɗage masa ƙafa, suna ce masa Kawu. Igiyar awo tana leƙowa daga aljihunsa. Tsintsiya ta rubuta: yana sauka daidai tsayin yaro, ba ya tsawa, yana yawo da kayan koyar da lissafi, yara sun ɗauke shi kamar ɗan'uwa.

Abin ya taɓa ta, ta kuma ji haushin kanta da ya taɓa ta. Shekara goma sha tara tana wa malamai wa'azin irin wannan aji a taro, su yi ta gyangyaɗi, ashe ga shi nan, kuma malaminsa ne munafukai suka kai wa sara.

Ta miƙe, ta zaro takardar, ta yage ta gida huɗu a gabansa.

“Ranki ya daɗe, ni fa...” in ji shi.

Ta ɗaga hannu. Ta ce ba sai ya ce komai ba, ta ga aikinsa da idonta. Za ta rubuta cewa rahoton ƙarya ne, a kuma rufe maganar. Ta juya ga shugaban, ta ce maimakon ya tsaya yana zufa kamar randa, ya riƙa turo sauran malamai suna koyon aiki. Shugaban ya ce wallahi abin da yake ta faɗa ke nan kullum.

Sai da ƙarar motarta ta ɓace mutumin ya sunkuya, ya jawo guduma da ƙullin ƙusoshi daga ƙarƙashin benci.

“Ranka ya daɗe, saura teburi uku in gama gyaran,” ya ce wa shugaban. “Amma wai shi malamin yaran nan yaushe zai dawo ne? Yau kwanana tara a ajin nan, ban taɓa sa shi a ido ba.”