Tawada Ta Ƙare a Shagon Maikuɗi

Tun da aka kafa Yerwa ba a taɓa zaluntar bawan Allah irin yadda aka zalunci Alhaji Maikuɗi ranar Talatar nan ba. Mutum ne mai shagon buga takardu mafi tsafta a unguwar Mairi, mai karin hula, wanda ko shekara hamsin ɗin da ya ba baya ba ta nuna a fuskarsa. Laifinsa ɗaya: kwamfutarsa ta roƙe shi ya sabunta mata manhaja, shi kuma, da yake bai iya rowa ba, ya danna mata.

Da safe ta tashi da sabuwar fuska. A tsakiyar fuskar kuwa ga wani akwati mai jan baki yana shelar tawadar firinta ta ƙare. Tawadar da aka sa shekaranjiya.

Salomi na tsaye a kansa. Ɗiyar maƙwabcinsa ce, Malam Pindar, tsohon malamin makaranta kuma sakataren cocinsu. Aikinta na kammala digiri ta kawo, shafi tamanin, kwafi uku. In sha biyun rana ta buga bai isa teburin malaminta ba, sai baɗi.

Maikuɗi ya danna a buga. Firinta ko tari ba ta yi ba. Ya ciro kwankon tawada ya girgiza, ya hura masa iska, ya mayar. Ya danna alamar rufe akwatin sau goma, akwati ya ƙi motsi. Abin haushin, da an buɗe takarda sai ya ɓuya, da an rufe sai ga shi daram.

"Baba Maikuɗi, Turancin nan ai a karye yake," in ji Salomi, ta matso da fuska.

"Na 'yan Cana ne," ya ce. Bai duba ba. Tabaraunsa na aljihu, kuma ba ya sa shi gaban mutane, don yana ƙara masa shekaru.

Babu wuta, sauran shagunan layin kuma ba su tayar da janareta ba, shi kaɗai ke da sola. Ƙarfe tara da rabi Malam Pindar ya shigo yana share gumi. Ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya girgiza kai.

"Alhaji, ashe ciwon nan bai bar injin nan ba? Shekara uku ke nan, duk Asabar in na kawo takardar waƙoƙin Lahadi sai ya fito, har na daina zuwa don kada in ƙarasa maka shi."

Bai jira amsa ba. Dattijon nan mai ciwon gwiwa ya tare keke napep har cikin gari, ya dawo da sabon kwanko a leda. Aka sa. Akwati na nan. Salomi ta koma kan benci, ta daina duba agogo, ta koma duba ƙasa.

Maikuɗi ya tsine wa masu ƙera manhaja har jikokinsu. Ya ce hassada ce, sun ji labarin shagonsa. Sha ɗaya saura, da zagi ya ƙare, ya kira Lubna, injiniyar da ke gyara wa ofisoshin unguwar kwamfuta, wadda ya sha faɗa wa mutane cewa a wurinsa ta koyi aiki.

"Wushe, Kawu," ta gaishe shi da Barbarci, ta ja kujera. Minti goma ta gano matsalar: sabuwar manhaja ta manta da firintar, sai an sake gabatar da su kamar baƙi. Ta sauko da abin da ake bukata, ta danna. Firinta ta yi gyaran murya ta fara aman takardu, baƙi wuluk, tsaf.

Salomi ta tashi tana tattarawa. Sha biyu saura ashirin ta fice da gudu, kwafi uku a ƙirji.

Akwatin dai bai tafi ba. Lubna ta zare wayar firinta gaba ɗaya. Yana nan. Ta danna gefe, ta shiga wani wuri, ta karanta wani abu. Daga nan ta juyo ta dubi Maikuɗi, irin kallon da ba a yi wa kawu.

"Kawu, sa tabarau."

Ya sa. A gaban mutane.

Akwatin ba gargaɗi ba ne. Hoto ne. Sabuwar manhaja ta shiga ma'ajiyar tsofaffin hotuna, ta ɗauko ɗaya ta shimfiɗa shi a bangon kwamfuta don ado.

"Mene ne, 'yata?" in ji Malam Pindar daga bakin ƙofa.

Lubna ta kare allon da kafaɗa, ta goge hoton. "Ƙwayar cuta ce, Baba. Tsohuwa. Ta fita."

Malam Pindar ya kama hannun Maikuɗi da hannu biyu. Ya ce maƙwabcin da zai bar cinikin safiya ɗungurungum saboda 'yar wani ya yi ƙaranci a zamanin nan. Ya ce kwankon ya riƙe, kyauta ne. Maikuɗi ya cire hula ya yi ta duba cikinta.

Lubna dai har yau ba ta faɗa wa kowa ba, ko da yake ta daina ce mini Kawu. Ni ne Maikuɗin, kuma ni na zana akwatin nan da hannuna shekara uku da suka wuce don in huta da bugun kyauta na ranar Asabar, na kuma raɗa wa hoton suna: Maganin Pindar.