Gahawar Da Aka Ajiye A Gidan Abu Mu'az

Tun ranar da Abu Mu'az ya ji cewa Ustazu Hanif ya sanar da mai gidan hayarsa zai tashi, abinci ya daina yi masa daɗi.

Abu Mu'az shi ne shugaban wata 'yar makarantar kuɗi a garin Salt na ƙasar Jodan, kuma ya san ba don kyan fuskarsa iyaye suke kawo yara ba. Don Ustazu Hanif suke kawowa, dattijon nan ɗan tsibirin Fiji da ya zo koyar da Turanci bayan rasuwar matarsa. Ga jarrabawar gama sakandare ta ƙarato. In mutumin nan ya tafi yanzu, rabin ɗaliban za su watse, sauran kuma su faɗi.

Ai ba yara kaɗai ba. Ustazun ya buɗe ajin manya bayan la'asar, har mahaifiyar Abu Mu'az, Ummu Basil, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, ta shiga, wai don ta riƙa hira da jikokinta da ke birnin Sidni, can ƙasar waje, a waya. Shekara biyu ke nan ba ta wuce gaisuwa ba, amma ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya ba ta fashi. Shi kuwa Ustazu, Larabcinsa sai gaba yake yi, irin na tsofaffin matan unguwa, har da rantse-rantsensu. In ya buɗe baki malamai sai su yi ta ƙunshe dariya.

Alamu kuma sai ƙaruwa suke. An ga Ustazu wajen tela. An ga ya gyara gemu. Mai gadi ya ce wata babbar makaranta a Amman, babban birnin ƙasar, ta daɗe tana zawarcinsa.

Abu Mu'az ya kai kukansa kicin. "Umma, mutumin nan guduwa zai yi ya bar ni."

"Kai dai tun kana yaro akwai ka da zargi," in ji ta, ko juyowa ba ta yi ba. "Miƙo min gishiri."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka yi sallama. Ustazu Hanif ne cikin sabuwar kwat, gabansa Shaihu Dirar limamin unguwa, bayansa dattawa uku. Abu Mu'az ya bi su da kallo. Wato shi za a yi wa wayo, an kwaso manya don ya ji nauyi ya soke yarjejeniyar aiki.

Ya zaunar da su, ya ɗauko buta ya tsiyaya wa liman gahawa. Liman ya karɓa da hannun dama, ya dube ta, ya ajiye a gabansa. Ko shinshinawa bai yi ba.

Shi ke nan. A al'adar garin, baƙon da ya ajiye gahawa roƙo ne ya kawo shi, kuma ba zai kai ta baki ba sai an biya masa buƙata. Gidan da gahawa ta huce a cikinsa kuwa, har jikoki sai an yi wa gori.

Abu Mu'az ya shiga kame-kame. Ya tambayi lafiyar gwiwar liman. Ya kawo zancen zaitun, wai bana bai yi mai ba. Ya koma kan tsadar taya, shi da ko keke ba ya hawa. Duk lokacin da liman ya gyara murya zai fara magana, sai ya tare shi da wani sabon zance.

"Abu Mu'az," in ji liman yana murmushi, "gwiwata lafiya lau, sau biyu ke nan kana gaishe ta. Gahawarka ce ba ta da lafiya, ga ta nan tana mutuwa."

Dattawa suka kwashe da dariya. Daga cikin gida ƙamshin mansaf yake tasowa, naman rago da kindirmo, alhali shi bai ce a dafa ba. Bai damu ba, ya san Umma ba ta iya ƙaramin girki.

Ya dubi Ustazu Hanif. Dattijon ya sunkuyar da kai, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Sai tausayi ya kama Abu Mu'az. Bawan Allahn nan bai taɓa makara ba, bai taɓa ɗaga wa yaro murya ba. In ya samu inda ya fi, don me zai tauye shi? Makaranta ta rushe in za ta rushe, shi dai ba zai kunyata mutumin kirki a gaban jama'a ba.

Liman ya sake buɗe baki. Abu Mu'az ya ɗaga hannu.

"Shaihu, ba sai ka faɗa ba, na sani. Ku sha gahawarku. Abin da kuka zo nema na ba ku, ko da yake Allah ya sani rabuwar nan za ta yi min ciwo."

Liman ya shanye a kurɓi ɗaya. Ustazu Hanif ya miƙe da ƙwalla a ido, ya rungume shi ƙam. "Wallahi zan riƙe amana, ɗana. Kullum kana iya zuwa, ai ba nisa."

Daga bayan labule wata guɗa ta tashi, wata ta amshe, har maƙwabta suka ɗauka. Abu Mu'az ya waiwaya wajen labulen. Yaushe aka fara yi wa malamin da zai bar aiki guɗa?

Liman ya ɗaga hannuwa ya dubi dattawa.

"To jama'a, ku shaida. Abu Mu'az ya ba Ustazu Hanif auren mahaifiyarsa. A yi Fatiha."