Garin da Ya Yi Aron Wuta

Kansila, ka ce so kake ka gina ƙatuwar ƙofa a bakin gari, a shafa mata fenti, a rubuta maraba da masu zuba jari. Kafin ka kira magina, zauna ka ji abin da ya sami wani gari.

Wani mai injin casar shinkafa ne wurinsa ya yi masa kaɗan, ya shiga neman inda zai kafa babban inji, mai ɗaukar ma'aikata kamar ɗari biyu. Garuruwa biyu ya sa a ransa, duka a bakin fadama ɗaya, shinkafarsu iri ɗaya. Hakimin gari na farko ya fi kowa ɗokin abin, domin da an gama kaka samarin garinsa watsewa suke yi su tafi ci-rani, wasu ba sa dawowa. Ɗansa na fari ma yana Kudu shekara uku, ya bar masa mata da 'ya'ya. Sai dai garin yana da ciwo uku da kowa ya sani. Rafin da ya ratsa hanya ba shi da gada, taransifoma ta ƙone shekara huɗu, famfon gari kuwa awaki ke kwana a gindinsa. An sha yin taro a kan gadar, kullum ana tashi baram-baram, don kowace unguwa so take a yi ta ta ɓangarenta.

Da aka sa ranar zuwan baƙo, hakimi ya ce a rufa wa gari asiri. Aka yi hayar janareta daga wurin mai kayan biki, aka ɓoye shi can bayan makaranta aka ja waya. Motar ruwa ta zo ta cika tankin famfo. Tifa biyar suka juye jar ƙasa a mashigin rafi, samari suka bi suka daɓe. Baƙo ya zo, motarsa ta wuce sumul. Ya ga ƙwan lantarki na ci da rana tsaka, ya murɗa famfo ruwa ya zubo, aka nuna masa fili kyauta. Bayan azahar ya ce zai koma, don hadari ya fara haɗuwa a gabas. Hakimi ya riƙe hannunsa ya ce, "Haba Alhaji, rago na kan wuta. In ka tafi ba ka ci ba, da wane ido zan dubi mutanena?" Baƙo ya koma ya zauna. Kafin a gama rabon nama ruwa ya kece, rafi ya kawo, ya kwashe jar ƙasar nan kaf.

Kwana uku baƙon ya yi a garin. Man janareta ya ƙare tun kafin magariba, gidan mai kuwa yana ƙetaren rafi. Tankin ma bai kai hantsin washegari ba, domin matan da suka yi shekaru ba su ga ruwan famfo ba sun cika kowace randa da kowane tulu. Ya zaga gari a ƙafa. Ya ga firjin mai shago an mai da shi ma'ajiyar takalma, ya ga mai walda ya rufe rumfa ya koma faci. A bakin rafi ya tarar da motar taki tsaye a ƙetare, direban na ɗaga murya yana cewa, "Ku zo ku kwashi kayanku a ka! Ni da garinku sai kaka, motata ba kwalekwale ba ce!" A rana ta uku samari suka ƙetarar da baƙon a kafaɗa, motarsa kuwa sai da ta ƙara mako. Wajen sallama hakimi ya ce masa in ya kafa injin, ai hukuma za ta ji kunya ta yi gada. Baƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, karamci kam na gani, Allah ya saka da alheri. Amma inji ba ya cin rago. Wuta yake ci, ruwa yake sha, abin da ya casa kuma a mota yake fita."

A gari na biyu ba wanda ya tare shi. Ranar kasuwa ya faɗa, shugabanninsu ma ba sa nan, ruwa kawai aka ba shi a moɗa, fili kuma aka ce sai ya saya. Amma mutanen nan sun yi shekara bakwai suna kiran gayya bayan kowace kaka, suna ɗora duwatsu da siminti har gadarsu ta tsaya. Sun yi ta zarya har aka sauya musu taransifoma, suka kewaye ta da ƙarfe suka sa mai gadi. Rijiyar burtsatsensu tana da masu kula da ita, in ta lalace da safe kafin la'asar an gyara. Baƙo ya tsaya a tasha cikin yayyafi yana kallon manyan motoci suna shiga suna fita. Bai ƙara tambayar kowa komai ba. Nan ya kafa injinsa. Mai sayar da buhu ya biyo shi, bakanike ya biyo motoci, masu abinci suka biyo ma'aikata, mai ƙanƙara ya biyo wuta, daga baya banki ya buɗe reshe. Ɗan hakimin gari na farko ya dawo daga Kudu kamar yadda ubansa ya yi ta addu'a, sai dai a gari na biyu ya sami aiki, ya zo ya kwashe matarsa da 'ya'yansa. Yanzu in tsohon yana son ganin jikokinsa, sai ya jira rafi ya janye.

To Kansila, ƙofarka ba inda za ta. Je ka dubi kwalbatin hanyar kasuwa tun ruwa bai sauka ba, tun ba a ce maka baƙo na tafe ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.