Wutar da Ba Ta Ƙona Ƙafar Kurciya Ba

Kai da kake cewa ai ka ga wane ya yi kuma bai mutu ba, gyara zama ka ji wannan. An yi wani manomi a wani ƙauye da aka jawo wa lantarki ba da jimawa ba. Wajen ƙwazo ba a raina masa, amma fa akwai gardama. In ya kafe a kan magana, ko limamin gari sai dai ya ce masa Allah ya kyauta. Duk abin da ya mallaka a duniya shanun huɗa ne guda biyu, ja da fari. Da su yake noma gonarsa, da su yake yi wa mutane huɗa, abincin gidansa kaf a wuyansu yake rataye.

Ran nan aka sheƙa ruwa da iska, irin ruwan da manomi yake jira tun bazara. Gari na wayewa ya ɗora wa shanun karkiya, ya ɗaura sarƙar garma, ya nufi gona tun ƙasa tana da laima. Yana kaiwa wani kwari sai ya tarar iska ta karkatar da falwaya, waya ɗaya ta saki ta yi lilo a tsakiyar hanya, daidai ƙirjin mutum, ga ruwa kwance a ƙarƙashinta. Maƙwabcinsa da ya riga shi isowa ya ce masa ya zagaya ta bayan rafi, wayar nan akwai wuta a jikinta. Zagayen da nisa, rana kuwa ba ta jiran kowa. Manomin ya ɗaga kai, sai ga kurciyoyi sun jeru a kan wayar suna gyaran fiffike, hankali kwance. Ya kwashe da dariya ya ce, "Haba maƙwabci! Wace irin wuta ce babu hayaƙi babu zafi, har ta kasa ƙona ƙafar kurciya?" Ka ji inda suna ya yaudare shi. Shi a saninsa wuta ita ce ta murhu, wadda ake gani da ido, ake jin hucinta tun daga nesa. Don ya kashe bakin maƙwabcin, sai ya miƙa busasshiyar gorar da ke hannunsa ya zunguri wayar. Kurciyoyi suka tashi fir, shi kuwa ko gezau. Ya waiwayo yana washe baki, wai ka gani ko?

Wayyo, bawan Allah! Bai san lantarki matafiyi ba ne, hanya kawai yake nema ya sauka ƙasa. Kurciya ƙafafunta biyu a kan waya ɗaya suke, ba ta taɓa ƙasa ba, ba ta taɓa wata wayar ba, don haka wutar ba ta da inda za ta bi ta jikinta ta wuce. Shi ma ba wayonsa ne ya cece shi ba, busasshen ice ne a hannunsa, takalmin taya ne a ƙafarsa, yana kuma tsaye a kan ɗan tudu, duk waɗannan ba sa ba wuta hanya. Amma jiƙaƙƙen jiki da ƙarfe da laka, ai su babban titi ne a wurinta.

Sai ya tallafe wayar da gorar, ya ɗaga ta sama, ya daka wa shanun tsawa su wuce. Suka shiga ruwan, kofato ya nutse a laka, garma tana biye. Jan san ya kaɗa kai, ƙahonsa ya bugi gorar, wayar ta zame ta kwanta masa a kan tozo. Innalillahi! Wani irin kuka san nan ya yi wanda manomin bai taɓa jin dabba ta yi ba. Jikin san ya sandare, ya zube a ruwan, ya ja farin suka faɗi tare, sarƙa tana tartsatsi, ƙaurin gashi ya cika wurin. Manomin ya daskare, baki buɗe. Can tunani ɗaya ya faɗo masa, wanda zai faɗo wa kowane mai dabba: a yanka kafin su zama mushe. Ya zaro wuƙa daga kube ya zabura. Maƙwabcin ya yi kukan kura ya cafke shi ta ƙugu, ya maka shi da ƙasa, ya danne shi yana cewa, "Wallahi kana taɓa su kai ne na uku!" Manomin ya yi ta fizge-fizge, yana ihu a sake shi. Ina! Haka yana kwance a ƙasa, wuƙa a hannu, yana ji yana gani shanunsa suka yi ta shure-shure har suka bari.

Kafin a kai labari gari a yanke wutar, rana ta take. Mutane suka taru suna ta salati, shi kuwa yana zaune a laka, hannu biyu a ka, ko salatin ya kasa ƙarasawa. Rami aka haƙa aka binne shanun, ko tsoka ɗaya ba ta shiga tukunyar kowa ba. Damina ta yi kyau a shekarar nan, kowa ya sheda, shi kuwa da fartanya ya ƙarasa ta, a ɗan gefen gonar da ƙarfinsa ya iya kaiwa.

To ka ji. Shi ya sa Hausawa suke cewa, inda wani ya yi rawa aka ba shi kuɗi, wani in ya yi duka zai sha.